Gargaɗi ga masu son sauke mota: tsohon resor ake yankewa a shafa masa fenti a sayar muku

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mota, musamman samarin Maradi da kewaye. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan magana, don ba daɗi mutum ya fito ya ce an yi masa wayo yana ji yana gani. Amma shekaranjiya a fada, muna jiran shayi na biyu, ƙanen wani abokina ya miƙo mini waya yana fara'a, wai ya samu mai sayar da resor na sauke mota, wato rage mata tsayi, da araha. Ina dubawa sai na ga hotunan nan dai da suka cinye mini jika 90. Sunan shafin kawai aka canza. Daga nan na ce kunya ta kama gabanta.

Motata Corolla ce ƙirar 2005, ƙaramar nan mai ƙofa biyar, irin ta Turai da aka shigo da ita ta Kwatano tun kafin a rufe iyaka. Ba abin da ke damunta. Ni ne dai ido ya ja. Kullum na tsaya na dube ta daga gefe sai in ga tazarar da ke tsakanin taya da bakin bodi ta yi mini yawa, ina so ta ɗan durƙusa kamar waɗanda muke gani a bidiyo. Ga wanda bai sani ba, resor shi ne murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke bayan kowace taya, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa sifirin. Shi ke ɗauke da nauyin mota, amortisar kuma aikinsa ya hana ta yin lilo bayan ta faɗa rami. Akwai kamfanonin da ke ƙera gajeren resor musamman don sauke mota, irin su Eibach da H&R na ƙasar Jamus, kuma kayansu na gaskiya ba su da laifi. Da sunan irin waɗannan kamfanoni mutumin nan yake farauta.

A Facebook na gamu da shi. Ina tambayar farashi ya ce mu koma WhatsApp. Mutum ne mai daɗin baki, daga gaisuwar farko ya ɗora mini Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ya ce shagonsa na Yamai, kayan daga Jamus suke, ta Lome suka shigo. Ya turo bidiyon wata mota a durƙushe tana sheƙi. Saiti guda, wato resor huɗu, jika 120. Da na ce ya yi tsada sai ya kawo shawarar da a lokacin na ɗauka alheri ce: in zan aika masa tsofaffin nawa bayan an cire, zai bar mini jika 90. Rabi yanzu, rabi in kaya sun iso. Ya ƙara da cewa saiti biyu suka rage, kuma wani daga Damagaram yana ta kiransa.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya: tambaya ɗaya tak ya yi mini, wace mota ce. Na ce Corolla, ya ce akwai. Bai tambayi shekara ba, bai tambayi ko mai shan fetur ce ko gazuwal ba. Ga duk wanda ya san sana'ar, nan ne maganar take. Injin gazuwal ya fi nauyi, don haka resor ɗin gaba ba iri ɗaya ba ne ko da bodin ɗaya ne. Corolla kuwa tun 1966 ake ƙera ta, samfurinta ya wuce goma. Wanda ya ce maka yana da na Corolla ya yi shiru, kamar mai takalmi ne ya ce yana da na namiji.

Na tura rabin ta kamfanin aika kuɗi. Bayan kwana huɗu kaya suka iso ta motar fasinja, a cikin kwalin taliya an naɗe da leda. Na tambayi kwalinsu na asali, ya ce an yar a hanya don kada duwan ta tsawwala. Na yarda, don hankalina ya riga ya tafi kan launin: ja jawur, suna ƙyalli, kowanne an manna masa 'yar takarda mai sunan kamfani. Har warin fenti na ji, na ce ai sabon abu ne. Na cika masa kuɗinsa a wannan yammacin.

Maigidan garejin da nake zuwa, dattijo ne da muke ce wa Baba, ya tafi Tibiri gaisuwar rasuwa. Da ina da haƙurin kwana biyu da wannan rubutu bai taso ba. Na matsa wa yaronsa ya ɗaura mini. Yaron ya ɗan tsaya yana juya ɗaya a hannu, ya ce, “Yaya, wannan bakin nasa bai zauna daidai ba fa.” Na ce masa haka na Turai yake. Washegari na kai tsofaffin nawa tasha, lafiyayyu garau, na biya kuɗin aike daga aljihuna.

Kwana uku na yi ina cin duniyata. Na zaga Ali Ɗan Sofo, na zaga Zariya, 'yan fada suka yi ta santi. A rana ta huɗu na fara jin ƙwas-ƙwas daga gaban hagu duk lokacin da na hau tudun rage gudu. Cikin mako guda motar ta karkata, wanda ke bayana a babur ma sai da ya tsayar da ni ya ce tayata ta sace. Na duba, iska lafiya lau. Na kira mai kayan, ya ce resor ne ke neman mazauni, in ba shi sati biyu.

Ranar Asabar na ɗauki ƙanwata da jaririnta za mu suna Madarunfa. Mun wuce Jiratawa kaɗan, ga rami, na kauce wa rabinsa na faɗa rabi. Sai ƙara kamar an harba bindiga, sitiyari ya fizge hagu. Allah ya sa ba gudu nake ba, kuma ba babbar mota a gabana, ga shi hanyar nan ta Ɗan Isa ba ta rabuwa da manyan motoci. Muka tsaya a cikin rairayi. Ƙanwata ba ta ce uffan ba, ta rungume ɗanta tana salati. Tayar ta tsage ta ciki, tsaga mai tsawon tafin hannu.

Da aka jawo motar gareji Baba ya dawo. Ya sa aka ɗaga ta, aka ciro resor ɗin duka huɗu aka jera a ƙasa. Bai yi mini faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu ya kankare jan fentin. Baƙi ya fito a ƙasa, har da tsatsa. Ya ƙara kankarewa, sai ga ɗigo-ɗigon launi, irin alamar da masana'anta ke yi wa resor ɗin da mota ke fitowa da shi. Ya ce, “Ɗana, taɓa nan.” Na taɓa bakin ƙarfen, kaifi kamar aska, ga sawun injin yankan ƙarfe raɗau. Na baya kuma ba yanke su aka yi ba: a tsakiya zobba biyu sun manne da juna, ƙarfen wurin ya yi shuɗi-shuɗi ƙarƙashin fenti. Wutar walda aka sa masu har suka zauna. Ya ɗauko mita ya auna na gaba biyu, ɗaya ya fi ɗaya da kusan santimita 2.

Sannan ya tambaye ni, “Ina naka na asali?” Na ce na aika wa mutumin. Ya daɗe yana kallona, ya ce, “To ka biya shi kuɗi, ka kuma ba shi jarin da zai cuci na gaba.” Wannan maganar ita ta fi tsagewar tayar ci mini rai. Wani bawan Allah a Tasawa ko Dakoro wataƙila yanzu haka resor ɗina yake takawa, an datse an shafa masa ja.

Bari in faɗi abin da yankan nan yake yi, yadda Baba ya nuna mini da ƙarfen a hannu. Ƙarshen resor na asali ana lanƙwasa shi ne ya dace da kwanon da yake zama a ciki, akwai ɗan gurbi da bakin ke tokarewa. In aka yanke, wannan siffar ta tafi, sai ya zauna a kan tsini. Na biyu, ya gajarce fiye da yadda amortisar ke miƙewa, saboda haka duk sanda taya ta rataya a rami, resor ɗin sakin jiki yake yi, yana iya barin mazauninsa. Abin da ya same ni ke nan, ya goce ya soki taya. Na uku, rage zobe yana ƙara tauri ba tare da lissafi ba: resor mai zobba shida masu aiki, in aka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, kuma tunda da ido ake yankan, hagu da dama ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. Na wuta kuwa ya fi muni. Ƙarfen resor an riga an gasa shi an sanyaya bisa ƙa'ida don ya riƙa lanƙwasawa yana komawa. Wutar mai walda tana kashe wannan, sai ya ci gaba da zama a hankali, wata rana ya karye ba sallama.

Na gaskiyar fa? Lambarsa a buge take a jikin ƙarfen da kansa, tare da sunan kamfani, ba takardar mannawa ba ce da farce ke ɓarewa. Na gaba da na baya lambarsu daban. Fentinsa gasasshe ne, ba ya wari, wuƙa ba ta kankare shi da sauƙi, kuma ya rufe har bakin ƙarfen. Na Jamus yana zuwa da takardar gwaji ta TÜV, masu gwajin ingancin motoci na can, wadda ke ɗauke da lambar resor ɗin da jerin motocin da ya dace da su da iyakar nauyin da zai ɗauka gaba da baya. Sai ka gwada da ƙaramin farantin da ke jikin motarka, a bakin ƙofa ko cikin bonet, inda aka rubuta nauyin. Kamfanonin suna da kundin lambobi a intanet, minti biyar ya ishe ka ka duba. Ni minti biyar ɗin nan ne ban yi ba. Kuma yawancin na hawa titi santimita 2 da rabi zuwa 4 suke saukewa. Ni kuwa mutumin ya yi mini alkawarin santimita 7, na yi ta murna. Wanda ya sauka haka ba ya tafiya da amortisar na asali, sai an sa gajere.

Ko na gaskiyar ka samu, kashe kuɗi bai ƙare ba. Dole a sake saitin ƙafa, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki cikin 'yan watanni. Amortisar da ya riga ya tsufa kuma ba ya jimawa da gajeren resor.

Mutumin dai na tura masa hoton bakin ƙarfen da na tayar. Ya buɗe, ya gani, ya toshe ni. Lambar da na tura wa kuɗi a kashe take har yau, sunan da ke kan rasit ɗin kuma ba shi ne wanda ya gaya mini ba. Wani ɗan uwana a Yamai ya je unguwar da ya kwatanta, ya tarar da mai sayar da katifa, ya ce shekararsa takwas a wurin bai taɓa jin wani mai resor ba. Na kai ƙara kwamisariya da rasit da hotunan hirarmu, an rubuta. Duk wanda irin wannan ta same shi ya daure ya kai, kada ya goge saƙonnin murya don haushi kamar yadda na kusa yi. Ba zan sa suna ko lamba a nan ba, don ya riga ya canza su, kuma lambar da aka yar tana iya faɗawa hannun wanda bai ji ba bai gani ba. Salonsa za ku riƙe: Alhaji tun daga sallama, rabin kuɗi kafin kaya, babu kwali babu takarda, saiti biyu suka rage, sannan aiko da tsofaffinka a rage maka.

Ra'ayina kuma, wanda ba dole kowa ya ɗauka ba: ƙaramar mota irin tawa tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita 15 ba. Ka cire 4 a ciki, sannan ka tuna da lungunanmu, da rairayin da ke cin taya, da yadda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, da buhun gero biyu da gyatuma za ta ce a kai ƙauye. A makon nan guda da na yi a durƙushe sau biyu salansa ta daki ƙasa, kuma kaskon baƙin mai ba shi da nisa da nan. Masu yin wannan ado a Turai titinsu daban ne. Wanda duk da haka ransa ke so, ya tafi da bakanikensa, a ga kaya a hannu, a kankara, a auna, a duba lamba, sannan a ƙirga kuɗi.

Ni na koma gidan jiya. Baba ya samo mini resor na asali, na hannu, wajen masu sayar da kayan mota, tare da amortisar ɗaya da taya. Abin da na kashe a gyaran ya kusa kamo abin da aka cuce ni. Ƙanen abokina bai tura kuɗin ba, alhamdulillahi, na kama hannunsa har gareji. Jajayen guda huɗu Baba ya hana a sayar wa 'yan gwangwan, ya rataye su da waya a bakin rumfa, wurin da ya kankare yana kallon hanya.