Haɗin maijego da na saya: abin da na yi amfani da shi da abin da na ajiye

Saura sati biyu in haihu na sayi haɗin maijego a wajen wata mai kayan gargajiya a nan Kano, wadda ƙawata ta turo mini lambarta ta WhatsApp. Haihuwar fari ce, mahaifiyata kuma Allah ya yi mata rasuwa, don haka Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta zo daga Bichi ta zauna da ni har muka yi arba'in. Yau wata biyu ke nan da haihuwata, mata kuma suna ta tambayata yadda kayan suka yi mini.

Kayan sun iso a kwali, a bushe ƙarau, babu ƙasa babu warin fumfuna. Wannan kam na yaba mata. Akwai bagaruwa da ɓawonta, hulba, kanumfari, busasshen ganyen sabara, jar kanwa, da gwangwanin yajin jego. Sai wasu ƙulli biyu na gari, ɗaya an rubuta masa "na sha", ɗayan "na zama". Iyakar bayanin ke nan, sai wata 'yar takarda da ta ce a jiƙa a sha safe da yamma.

Gwaggo ta baje komai a faifai tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa. Da ta zo kan garin "na sha" sai ta dangwala da yatsa ta ɗora a harshe, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wannan sassaƙe ne ko saiwa?" Ban iya ba ta amsa ba. A ranar ta zaunar da ni ta rarrabe mini kalmomin da na saba ji ina ɗauka duk ɗaya ne. Sassaƙe ɓawon jikin itace ne da ake sara da gatari, irin na maɗaci ko marke, saiwa kuwa sai an tona ƙasa. Jiƙo shi ne a zuba magani a ruwan sanyi a bar shi ya saki. Dahuwa sai ya tafasa a wuta. Tsimi ana barinsa ya kwana, wani har kwanaki, ya yi ƙarfi. Surace shi ne ki lulluɓa da bargo a kan tukunyar da ke tururi, hayaƙi kuma a barbaɗa a garwashi. Ta ce itace ɗaya ne, amma wanda aka jiƙa na awa guda da wanda aka tsima kwana uku ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma maijego mai shayarwa ba a yi mata ganganci da wannan bambanci.

Nan take na kira mai kayan. Ta ɗauka, ta saurare ni da mutunci, ta ce akwai sabara da citta da kanumfari a ciki, sauran kuma sirrin gidansu ne. A nan ne raina bai kwanta ba. Na san mutum yana kare sana'arsa, amma abin da zan sha ya bi ta nono ya shiga cikin jaririn kwana uku, haƙƙina ne in san sunansa. Ƙullin ba shi da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ranar da aka haɗa shi, ba a faɗi cokali nawa ba, ko wane irin kofi. Gari kuma idan an daka an tankaɗe, ko Gwaggo da ta shekara sittin tana harka da itatuwa ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Na ajiye ƙullin biyu ban taɓa su ba.

Bagaruwar ce ta fi komai yi mini amfani. An yi mini ɗinki, sai na jira har ma'aikaciyar jinya ta duba ta ce ba laifi in riƙa zama a ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Gwaggo takan farfasa bagaruwar ta dafa har ruwan ya yi duhu kamar shayi, ta tace da ƙyalle mai tsabta, ta sirka. Bauri gare ta mai kama fata, shi ya sa ma majema suke jima da ita. Bayan 'yan kwanaki na ji sauƙin zama sosai. Yajin ma ya yi daɗi, kimba da masoro da citta sun fito, barkonon bai yi yawa ba, da shi nake cin farfesu da tuwo. Hulba kuwa nakan dafa in sha da zuma, nono ya wadata alhamdu lillahi, sai dai warinta yana fita a gumi har a zanin gado, wadda ba ta son haka ta sani tun da wuri.

Kanwa ce muka ɗan yi ja-in-ja a kanta. Jinina ya hau a watan ƙarshe, likita ya hana ni gishiri mai yawa, ya ambaci kunun kanwa da sunansa. Ya ce tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Gwaggo ta ce su da kanwa suka yi jegonsu lafiya lau. Washegari da kanta ta dawo da maganar, ta tuna wata maƙwabciyarta da ƙafafunta suka kumbura bayan haihuwa, numfashi ya riƙa gagararta, aka ce sanyi ne ya shige ta. Daga nan ta koma dama mini kunun gyaɗa. Wanka mun yi shi safe da yamma da ɗanyen ganyen darbejiya da ake karyowa a ƙofar gida, amma ruwan sai wanda hannu zai iya jurewa. Jaririn kuma ban ba shi ɗauri ba, nono zalla yake sha har ya cika wata shida in sha Allahu.

Idan za ki saya, ki ce a ba ki kayan a yadda suke, ba dakakku ba, ki gan su da idonki, ki tambayi sunan kowanne da yadda ake haɗa shi. Ni zan sake sayen bagaruwa da yaji da hulba a wajenta. Na kuma tura mata saƙo na roƙe ta ta riƙa rubuta sunan kowane itace a jikin ƙulli, da ko jiƙo ne ko dahuwa. Ta amsa da cewa za ta duba.