Gargaɗi: ₦870,000 suka ci mini da allon farashin gwal na bogi

Jama'a assalamu alaikum. Yau kwana 11 ke nan ba na barcin kirki, kunya ce ta hana ni magana, amma na ga in na ci gaba da yin shiru wani ma zai faɗa. ₦870,000. Dubu ɗari takwas da saba'in. Kuɗin riɗina na bana, da kuɗin san da na sayar, da adashin maiɗakina. Kuma kafin wani ya zo ƙasa ya rubuta mini "kwaɗayi mabuɗin wahala", ya tsaya ya karanta tukuna. Ni ba yaro ba ne. Shekara 17 ina saye da sayar da riɗi da zoɓo tsakanin ƙauyenmu da Maigatari da Gujungu. Na san mudun da aka bubbuga wa gindi, na san buhun da aka zuba wa yashi a ƙasa. Lokacin MMM, tsarin damfarar nan na zuba kuɗi, a 2016 har gida aka biyo ni, ban sa ko kwabo ba. Da CBEX, wata manhajar zuba jari ta bogi, ta rufta da mutane a watan Afrilun 2025 ni ne nake yi wa samarin unguwarmu faɗa. Abin da aka yi mini daban ne, da idona na ga farashi yana motsi.

Abin da ke dawo mini kullum shi ne ranar nan a gindin darbejiya, gefen mai POS, bayan la'asar. Yaron da ya damfare ni ya zo da wani ɗan garinmu, ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta "Baba, Baba". Da aka kira sallah tare muka yi. Ya ce shi ba ya karɓar kuɗin kowa ya juya, kai da kanka za ka yi ciniki a wayarka, ka sayi gwal idan zai hau, ka sayar idan zai sauka, a yini ɗaya ka shiga ka fita. Ya buɗe manhajar, ga kandul nan, wato sandunan da ke nuna motsin farashi, kore da ja suna hawa suna sauka, lambobi suna ƙyaftawa, a sama an rubuta XAUUSD, wato farashin gwal da dala. Ya duba agogo ya ce, "Baba, ka sa ido, nan da minti biyar zai hau." Na riƙe wayar da hannuna. Minti huɗu da wani abu koren ya miƙe. Ya sake cewa yanzu kuma zai sauko, ya sauko. Sau uku. Ku gaya mini, wa zai ga wannan sau uku bai yarda ba? Kuma a watan Oktoban 2025 ne, lokacin da gwal ya haura dala 4,000 a duniya, wannan gaskiya ne, ni ma na ji a labarai. Da gaskiyar ya lulluɓe ƙaryar.

Na fara da ₦50,000. Kwana uku na ga riba, na nemi cire ₦18,000, suka shigo asusuna kafin magariba. Wannan ₦18,000 ɗin ita ta kashe ni. Ita kaɗai ce ta taɓa dawowa. Daga nan na zuba ₦300,000 na riɗi. A'a, kafin nan ne ma ya sa ni a guruf ɗin WhatsApp, mutum sama da ɗari, kowa yana turo hoton riba yana "Allah ya saka da alheri oga". Yanzu da na koma na duba, lambobi kusan goma ne kawai suke ta maganar. Manhajar kuma ba daga Play Store na sauke ta ba, fayil ya turo mini ya ce ta Play Store tana cin data, mu na ƙauye wannan ta fi mana sauƙi. Har godiya na yi masa.

San kuma ranar Alhamis na kai shi Maigatari, ₦400,000, ko gida ban kai kuɗin ba, a wurin mai POS na tura. Asusun da na tura wa sunan mutum ne, ba kamfani ba, kuma ba sunan da na tura wa na farko ba. Na tambaya, kada ku ce ban tambaya ba. Ya ce wakilansu ne na Arewa, saboda bankuna suna wahalar da masu harkar dala. Na san ana samun irin wannan matsalar, shi ya sa maganar ta shige ni.

Sai asara ta fara. Ina zaune na sayi gwal, komai lafiya, sai wani jan kandul ya zubo kamar an sako guga a rijiya, ya cinye abin da na sa, sannan ya koma inda yake cikin daƙiƙa kaɗan. Na kira shi, ya ce netwok ɗin ƙauyenmu ne, farashi yana iso mini a makare. Kuma gaskiya netwok ɗinmu sai ka hau tudun makarantar firamare kake samun sanda uku. Na yarda laifina ne. Na riƙa hawa babur ina zuwa bakin titi da rana tsaka don in yi ciniki. Ranar wata Juma'a ma ya ce rahoton ayyukan yi na Amurka ne ya girgiza kasuwa. Komai yana da amsarsa a baki.

Ɗan wana da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutse shi ya tona abin, ranar Asabar da ya zo gida. Ya gan ni ina danne-danne ya ce, "Baffa, me kake kallo?" Na ce gwal. Ya ce, "Baffa, yau Asabar fa." Ya ce kasuwar gwal da ta canjin kuɗi ta duniya tana rufewa ranar Juma'a da dare, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya agogonmu, ba ta buɗewa sai ranar Lahadi da dare. Su Bitcoin ne ba sa hutu. Ya buɗe TradingView, manhajar duba farashin kasuwannin duniya, a wayarsa, ya ajiye kusa da tawa a kan tabarma. Tasa a tsaye cik, an rubuta kasuwa a rufe. Tawa kuwa kandul sai tsalle suke. Muka koma ranar da jan kandul ɗin nan ya cinye ni, awa ɗaya, minti ɗaya. A tasa babu shi. Babu shi kwata-kwata. Ya ce tsakanin dillali da dillali akan sami ɗan bambanci kaɗan, don gwal da kuɗaɗe ba su da rumfa guda da kowa ke ɗaukar farashi, kuma wasu farashin hannun jari na kyauta kan makara da minti 15, amma ba a taɓa samun rami a wuri ɗaya, sauran duniya ba su gan shi ba. Ya ce ko MetaTrader ta gaske, sananniyar manhajar irin wannan ciniki, farashin da kake gani daga na'urar dillalinka yake fitowa, balle manhajar da mutum ya haɗa da kansa. Wanda ya riƙe na'urar shi ke zana abin da ya ga dama.

Wato ranar nan a gindin darbejiya, da yaron ya ce minti biyar zai hau, ba hasashe ya yi ba. Su ne suke hawar da shi. Ina riƙe da wayar, yana ce mini Baba. Mun yi sallah sahu ɗaya.

Na manta ban faɗi na adashin ba, wannan kafin zuwan ɗan wana ne da kwana biyu, ko uku. Allon ya nuna ragowar kuɗina da riba sun kai miliyan ɗaya da wani abu, na ce to a ba ni abina na haƙura. Suka ce sai na biya haraji ₦120,000 kafin a saki. Na ce a cire daga ciki mana, suka ce tsari bai yarda ba. Na je na sami maiɗakina, kwasar adashinta ke nan, tana shirin kayan ɗakin 'yarmu. Ba ta ce mini komai ba, ta kwance ta ba ni. Har yau ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan san. ₦50,000, ₦300,000, ₦400,000, ₦120,000. Ku haɗa da kanku, ₦870,000. Bayan na tura suka ce akwai wani kuɗin tantancewa kuma. Daga baya, da na tura wa yaron da ya damfare ni hoton wayoyin nan biyu a jere, cikin minti goma aka cire ni daga guruf, lambarsa ta daina shiga. Ɗan garinmu da ya kawo shi, shi ma ₦200,000 ya rasa, yana kuka a zaurena, ban san ko in tausaya masa ko in shaƙe shi ba.

Duk rasit ɗin POS suna hannuna, da hotunan allo, da saƙonnin muryarsa. Zan ɗora su a nan idan na samu netwok, bayan na rufe sunayen da ba su da laifi. Na kai rahoto banki, ranar Litinin in sha Allahu zan shiga Kano ofishin EFCC.

Ku kuma, kada ku sauke manhajar da aka turo muku ta WhatsApp. Ku duba farashi a wuri na biyu da ba na mai karɓar kuɗinku ba. Ku duba sunan kamfani a shafin SEC, hukumar da ke kula da harkar hannun jari a Najeriya. Wanda ya ce ku biya kafin ku cire kuɗinku ɓarawo ne.

Idan akwai wanda yaron nan ya je wa a yankin Gumel ko Sule Tankarkar, dogo ne, baƙi, yana da tabo a gefen gira, ya yi mini magana ta akwati kafin Litinin mu tafi tare.