Sharhi: ColorBrewer da aikin daidaita launukan taswirorin tarihi

Duk wanda ya taɓa jera taswirorin Najeriya daga 1914 zuwa 1996 a bango ɗaya ya san inda gizo ke saƙar. A wannan Arewa kore ce, a ta gaba ta koma rawaya, a ta uku kuma koren ya koma kan Yamma. Ɗalibi sai ya ɓata rabin darasi yana neman wace ce wace. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Jos, kuma ni da wasu abokai mukan zana taswirorin "da a ce", wato yadda iyakoki za su kasance da tarihi ya bi wata hanya. Mun so mu tsayar da tsarin launi guda wanda kowa zai bi, shi ya kai ni ga ColorBrewer, wani shafin intanet na zaɓar launukan taswira.

Cynthia Brewer ta Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka ce ta tsara launukan. Kyauta ne, ba rajista, kuma ba ya cin data. Kana faɗa masa yawan rukunan da kake so, sai ya ba ka jerin launuka iri uku: masu tafiya daga haske zuwa duhu, masu rabuwa gida biyu daga tsakiya, da waɗanda kowane launi yake zaman kansa. Kowanne da lambobin da ake gane launi da su: HEX da RGB na kwamfuta, da CMYK na injin bugawa. Mai aiki da QGIS, manhajar zana taswira, ma zai same su a cikinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne matatunsa. Akwai wadda ke cire launukan da mai matsalar bambance ja da kore ba zai gane ba, akwai ta bugawa a takarda, akwai kuma ta fotokwafi. Wannan ta ƙarshen, wallahi kamar don malaman makarantunmu aka yi ta. Guda ɗaya nake bugawa mai launi a wani shago kusa da Terminus, sauran na ɗalibai duk baƙi da fari ne, kuma ja da kore masu nauyi ɗaya toka iri ɗaya suke zama a injin. Sai dai in ka kunna matatun, zaɓin yakan ragu ƙwarai. Wannan ba aibu ba ne, gaskiya yake faɗa maka tun kafin ka kashe kuɗinka.

Iyakarsa a fili take. Launuka masu zaman kansu ba sa wuce 12, masu tafiya daga haske zuwa duhu kuma 9, ga shi jihohinmu 36 ne. Da farko abin kamar cikas, amma tun 1976 masana lissafi Appel da Haken suka tabbatar da cewa launi huɗu sun isa a raba kowace taswira ba tare da maƙwabta biyu sun yi tarayya ba. Ashe ba yawan launi muke buƙata ba, tsari muke buƙata.

Ga yadda muka yi. Kowane tsohon yanki mun ba shi gida: Arewa kore, Yamma ruwan goro, Gabas shuɗi, Yamma ta Tsakiya da aka ƙirƙira a 1963 kuma shunayya. Jihohi sai su gaji launin gidansu kamar yadda ɗa ke ɗaukar kamannin mahaifinsa. Binuwai-Filato ta 1967, mai hedikwata a Jos, ta ɗauki wani kore. Da aka raba ta a 1976, Filato ta riƙe shi, Binuwai ta samu mai ɗan haske. Da Nasarawa ta fita daga Filato a 1996, ita ma haka. Yaro na kallon bango zai bi zaren da idonsa, ba sai na yi dogon bayani ba. Dole dai a rubuta a gefe cewa duhun launi ba girma ko yawan jama'a yake nunawa ba, domin asalin jerin masu tafiya daga haske zuwa duhu, waɗanda muka yi amfani da su, don auna yawa aka tsara su.

A taswirar "da a ce" tsarin ya fi nuna amfaninsa. Mun zana Najeriyar da Kudancin Kamaru ya zaɓe ta a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, kamar yadda Arewacin Kamaru ya yi. Mun ba shi shuɗi, tunda ƙarƙashin Gabas yake kafin 1954, muka ɗora masa zane-zanen layi. Ƙa'idarmu ke nan: duk inda ya saɓa wa tarihin gaske sai an yi masa layi, kada taswirar ta yi yawo a WhatsApp wani ya ɗauke ta gaskiya.

Akwai abin da shafin ba zai yi maka ba, kuma shi ya fi damuna. A taswirar ƙarni na 19, mai zane yakan shafe tsakiyar ƙasar nan duka da launin Daular Sakkwato, ko ya bar tsaunukan Filato fari fat kamar ba kowa. Duka biyun ba daidai ba ne. Yawancin al'ummomin saman tsaunin, irin su Berom da Anaguta, ba su shiga ƙarƙashin masarautar Bauchi ba, kuma suna da nasu tsarin mulki. Mun ba su ruwan ƙasa, nasu na kansu. A ajin da 'ya'yan Gangare da na Bukur suke zaune a benci ɗaya, wannan ba ado ba ne, haƙƙi ne.

Ga malami ko mai zane da ke son farawa, ya kunna matatar fotokwafi tun farko, ya kwafe lambobin launukan a takarda ɗaya da kowa zai riƙe, sannan ya ba mai bugawa lambobin CMYK, ya nemi gwaji ɗaya kafin a buga sauran.