Shagon turin fim a Agege da foldar da ta fi kawo masa ciniki

A cikin masu tura fim a waya da ke tsakanin Pen Cinema da tashar jirgin ƙasa ta Agege, shago ɗaya na sani da ke ajiye fina-finan Turawa na zamanin hoto baƙi da fari. Sauran duk Indiya-Hausa ne da Kannywood da na Koriya. Yaron da ke gaban kwamfutar Bakatsine ne mai haƙuri, naira 200 yake karɓa a kan kowane fim, in ka ɗebi da yawa ya yi maka ragi. Hoto fes a yawancinsu, sai dai sauti kan yi shuu kamar tsohuwar rediyo, kuma babu fassarar Hausa ko ɗaya.

Akwai wata folda da ya raɗa wa suna "Sirrin 'yan maɗigon Amurka". Da na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Hajiya, wallahi ita ce mai tafiya." Na ce ya zuba min in gani.

Duk saurayin da ya biya kuɗinsa yana jiran batsa ya yi asara. A fim ɗin Morocco na 1930, Marlene Dietrich, Bajamushiya, ta fito waƙa cikin kwat ɗin maza da doguwar hula, ta karɓi fure a wurin wata mata cikin 'yan kallo, ta sumbace ta a baki, jama'a suka kwashe da dariya. Kafin ka ƙifta ido an wuce. Ƙarshen fim ɗin ma soja ta bi cikin sahara, har da tuɓe takalmi. A Queen Christina na 1933 kuma Greta Garbo ce sarauniya mai sa wando, ta sumbaci wata 'yar fadarta. Iyakar abin ke nan, kuma daga 1934, da aka fara aiki da dokar tace fim ta Hays da gaske, ko wannan ɗin bai ƙara wucewa ba.

Inda muka saɓa da yaron shi ne bakinsa. Yana turi yana ba da labari, wai duk an tabbatar, wance da wance masoya ne. Na ce, "Ɗan nan, a ina ka ji?" Ya ce a TikTok. To ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Na Dietrich ba a ja da shi sosai. Tana da miji, Rudolf Sieber, kuma 'yar cikinta Maria Riva ce da kanta ta rubuta cewa uwar ta yi mu'amala da maza da mata. Wata tauraruwar, Alla Nazimova, ta yi shekaru tana zaune da Charles Bryant a matsayin mata da miji, sai a 1925 da ya auri wata aka gano ba a taɓa ɗaura musu aure ba. Dalilin ɓoyon a fili yake: tun 1921 kamfanonin fim suka fara sa sharaɗin ɗa'a a kwantiragi, abin kunya ɗaya ya isa a kori tauraruwa, shi ya sa ake shirya irin wannan zama na rufin asiri.

Na Garbo kuwa, wanda yaron ya fi rantsuwa a kai, shi ne mai rauni. Gaskiya ba ta taɓa aure ba, ta bar fim a 1941 tana da shekara 36, ta kulle kanta a New York har ta rasu a 1990. Marubuciya Mercedes de Acosta ta fitar da tarihin rayuwarta a 1960 ta sako kusancinsu a ciki, Garbo ta yanke hulɗa da ita. Wasiƙun da Garbo ta aika mata an ajiye su a gidan tarihi na Rosenbach da ke Philadelphia, aka buɗe su a 2000, 'yan jarida na ta zumuɗi. Ba a sami kalmar da ta fito ƙarara ta ce soyayya ce ba. Masu bincike da yawa sun yarda an yi, danginta sun ce babu. Ni da na ga yadda ake yayyaga 'yan matan Kannywood da irin wannan zargi saboda hoto ɗaya da ƙawa, ba na son a mayar min da "an ce" ya koma "an gani", ko da a kan Baturiyar da ta daɗe a ƙasa ne.

Na gaya masa ya canza wa foldar suna, ya ce to, amma har yanzu tana nan yadda take.

Ka je da katin memori naka, na wurinsa tsada gare su. Ka sa ya buɗe maka ƙarshen kowane fim kafin ka tashi, don ɗaya daga cikin nawa a rabi ya yanke, ko da yake ya sake tura min kyauta ba tare da musu ba. Da hantsi ya fi daɗin zuwa. Da yamma mahautan Abbatuwa ke cika bencin, kowa da wayarsa a hannu.