Ruger 10/22 da harsashin da ya dace da ita

Gaskiya tunda na sayi bindigar Ruger 10/22 a nan Amurka ban yi da na sani ba, tun 1964 ake ƙera ta kuma gidan harsashinta goma yake ɗauka, duk ka ja kunama ita ke ɗora wani da kanta, saɓanin bindigar CZ 457 da sai ka ja sakata da hannu bayan kowane harbi.

Abu ɗaya dai, ku duba rubutun jikin bututun kafin ku sayi harsashi, harsashi nau'in .22 LR daban, nau'in .22 WMR daban, kar a haɗa su. Ni harsashin .22 LR mai suna CCI Standard Velocity nake sa mata, a yadi 50 wallahi harsasan kusan waje guda suke sauka. Na taɓa gwada wani mai araha na kwali, sai maƙalewa yake.