Sharhi kan masu haƙa rijiyar burtsatse da suka yi mini aiki a sabon gidana

Wanda ya tare a gidan kansa a sababbin unguwannin gefen Kano ya san cewa kashe kuɗi ba ya ƙarewa ranar da magina suka kwashe kayansu. Akwai canjin makullai, da ƙarafan taga da ragar sauro, da feshin gara, da neman mita mai kati, sannan ga kuɗin 'yan sintiri da ake karɓa gida gida. Duk waɗannan na yi su ba tare da wata damuwa ba. Abin da ya fi cin kuɗi, kuma ya fi cin rai, shi ne ruwa, domin ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa bai iso unguwarmu ba, kuma iyali mai yara ba zai daɗe yana dogaro da kurar 'yan garuwa ba kafin ya gane cewa kuɗin jarka na wata guda ya kusa kama kuɗin cefane.

Wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da kamfanin da nake magana a kansa, kuma a farkon al'amari ban ga abin kushewa a tare da su ba. Sun zo da na'urar auna ƙasa kafin su kafa inji, kuma injiniyansu ya zauna ya yi mini bayani cikin ladabi cewa yawancin Kano a kan tsohon dutse take, saboda haka ruwa yana kwanciya ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ko a tsagogin da ke cikin mai taurin, kuma wannan ne ya sa gida biyu a layi ɗaya kan bambanta wajen samun ruwa. Muka rubuta yarjejeniya a kan mita 60, da bututun kesin da ke tare bangon rijiyar, da zuba tsakuwa, da wanke rijiya, da sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar ya turo ruwa sama, da tanki mai cin lita 2,000 a kan ƙarfensa. Na biya kafin alƙalami, suka fara aiki a watan Agusta na 2024. Sun zo a kan lokaci, yaransu ba su taɓa kayan kowa ba, sun kwashe lakar da ta malala a ƙofar gida, kuma ruwa ya fito garau. Na ji daɗi matuƙa, har na ba wasu abokan aikina lambarsu.

Daminar 2024 ta yi ruwa mai yawa a Arewa, ita ce shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba. A irin wannan shekara ƙasa a ƙoshe take, ko rijiyar hannu aka haƙa za a tarar da ruwa kusa, kuma mai sana'ar haƙa ya fi kowa sanin haka. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tamu miyar ta ƙare ne a watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi, zafi ya fara tsananta. Tankin da ke cika cikin ɗan lokaci ya koma ɗaukar rabin yini, ruwan ya fara zuwa da ja da yashi, sannan wata rana da la'asar, maiɗakina tana shirin buɗa baki, sumo ya yi shiru bai sake tashi ba.

Da na kira injiniyan, amsar da ya ba ni ita ce: "Alhaji, a yi haƙuri, bana haka ƙasa take a ko'ina." Amma rijiyar maƙwabcina, wadda ba ta fi taku kaɗan daga tawa ba, tana ba da ruwa har ana taimaka wa jama'a da shi. Na ɗauko wani mai gyaran famfo dattijo, ya zaro sumo ya same shi a ƙone, cikinsa cike da yashi. Daga nan ya ɗaura ƙarfe a igiya ya zura a rijiyar, muka auna igiyar a gaban mutane, ba ta kai mita 40 ba. Ya kuma nuna mini cewa ba a sa na'urar da ke kashe sumo idan ruwa ya janye ba, alhali sumo da ruwan da yake ciki yake samun sanyi, idan ya yi ta juyawa a bushe dole ya ƙone. Yashin kuwa, a cewarsa, alama ce ta cewa tsakuwar da aka zuba a kewayen bututun ba ta wadatar ba.

Ban kai maganar ko'ina ba sai gaban mai unguwa, kuma a nan ne gaskiya ta fito. Injiniyan ya amsa cewa sun ci karo da dutse mai tauri, kuma injin da suka zo da shi na laka da marmara ne, ba ya fasa dutse. Fasa dutse yana buƙatar kwamfresa da guduma ta musamman, hayarsu kuwa da man gas ɗin da suke sha suna da tsada, don haka da suka ga ruwa ya taso sai suka tsaya. Tsayawar ba ita ce ta ƙona mini rai ba, domin da an faɗa mini a ranar, da na nemo ƙarin kuɗin ko na jinkirta aikin zuwa rani. Abin da ya yi mini ciwo shi ne an rubuta mini mita 60 a rasit, an karɓi kuɗin mita 60, kuma mutumin da ya zauna yana koya mini yadda ƙasar Kano take shi ne ya sa hannu.

Adalci ya sa in faɗi cewa bai yi gardama ba, bai kuma ɓuya ba kamar yadda wasu ke yi. Ya ba da haƙuri a gaban dattawa, ya turo yaransa suka sake wanke rijiyar ba tare da karɓar ko sisi ba, ya kuma yi alkawarin mayar da kuɗin mitocin da ba a haƙa ba, har ya kawo rabi a makon. A lokacin zuciyata ta yi sanyi, na ce mutum ne da tsadar kaya ta matsa, ba macuci ba ne. Ƙarfen tankin da suka yi mini ma har yau bai motsa ba, kuma bututun da suka ja zuwa kicin da banɗaki ba ya yoyo ko ɗigo ɗaya.

Sai dai da na zauna na yi lissafi, ɓacin ran ya dawo. Sabon sumo ni na saya, domin sun ce garantinsu bai shafi abin da ya ƙone ba, ko da yake rashin na'urar da ya kamata su sa ne ya ƙone shi. Ƙara zurfin rijiyar kuma, in ji masu aikin da na tuntuɓa, ya fi sabuwar haƙa wahala tunda an riga an zura kesin na roba. Ga kuma abin da dattijon nan ya gano daga baya: bakin rijiyar ba a toshe shi da siminti yadda ya kamata ba. Masana lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, abin da ba ya samuwa a filayenmu na ƙafa 50, saboda haka wannan simintin ne ke tare ƙazantar sama daga gangarawa cikin ruwan da yara ke sha. Wannan ma da kuɗina aka gyara shi. Abin da na ware domin neman takardar mallakar fili da shafen katanga duk ya tafi a kan ruwa.

Wanda zai ba su aikin tanki da jan bututu ba zan hana shi ba. Haƙa kuwa ba zan sake ba su ba, kuma na kira waɗanda na ba lambarsu na ce kada su biya cikon kuɗi sai an zura igiya a gabansu an auna. A yanzu da asuba kawai muke kunna sumo na ɗan lokaci, 'yan garuwa su cike mana sauran idan rani ya yi nisa, kuma rabin kuɗin da aka yi alkawarinsa a gaban mai unguwa har yau bai shigo hannuna ba.