Ozon ko Fenisilin ga Doki Mai Gyambo?

Masu dawaki daga Ringim zuwa Kazaure sun yi ta tambaya: iskar ozon ko allurar fenisilin?

Fenisilin tana da araha, tana bin jini har ta kai ga ciwon da ya shige ciki. Amma in aka katse allurar da zarar doki ya ɗan murmure, kamar yadda muka saba, ƙwayoyin cutar kan daina jin ta.

Ozon iska ce da inji ke haɗawa daga oksijin, tana kashe ƙwayoyin cuta a bakin gyambo. Sai dai tana son lantarki, ba ta ajiyuwa, shaƙarta na lahanta huhu, kuma bincikenta a kan dawaki kaɗan ne.

Doki mai zazzaɓi da kumburi, fenisilin ta fi dacewa da shi, a hannun likitan dabbobi. Ozon kuwa sai mai hali, ƙari ne ga gyambon da ya ƙi warkewa.